Ajiyar da Muka Gyara a Fadamar Wurno

Da hantsi jirgi ya sauke mu a Addis Ababa, babban birnin Habasha, kuma tun kafin in gama saukowa daga matakala na gane cewa rigar da ke jikina ba ta garin ba ce. Na baro Wurno ana tsakiyar bazara, lokacin da mutum ke kwana a tsakar gida da mafici a hannu, sai ga ni a garin da rana ta fito tarwai amma haƙorana suna haɗuwa. Numfashi ma da ƙyar nake jawo shi. Daga baya aka gaya mini garin a kan tsauni yake, iskarsa ba ta da kauri. A ranar dai na ɗauka tsoro ne kawai, don kuwa akwai shi.

Sunana Umaru. Aikina a ofishin noman rani na Wurno shi ne karanta ma'aunin ruwa: in je bakin magudana safe da yamma, in duba inda ruwan da aka sako daga dam ɗin Goronyo ya kai a jikin sanda, in rubuta. Kafin wannan tafiya ban taɓa wuce Kaduna ba. Abin da ya kai ni Habasha wani ginshiƙin siminti ne mai tsawon mutum, da wasu masana suka zo suka kafa a gefen fadamarmu shekarun baya. A kansa akwai wani farin abu kamar an kife kwano, mu muna ce masa faifai, a gefensa kuma akwatin ƙarfe da batir da allon sola. Faifan nan yana sauraren taurarin ɗan'adam dare da rana. Da shi ake sanin ko ƙasar wurin ta motsa, ko da motsin bai kai kaurin farce ba. Da shi kuma ake sanin yawan danshin da ke cikin iska, domin saƙon tauraro yakan ɗan makara idan sama ta ɗauki ruwa. Irinsa suna nan warwatse a ƙasashe da yawa, duk suna aika abin da suka ji zuwa cibiya ɗaya. Namu shi kaɗai ne a duk gabashin Sakkwato, kuma ni aka ba makullin akwatinsa.

Takardar gayyata ta ce kwas ne na wata ɗaya ga masu kula da tashoshin. Amma shugabana, Oga Bitrus, mutumin Filato da ya daɗe a Wurno har Sakkwatanci ya kama bakinsa, ya nuna mini abin da ke ƙasan takardar. Cibiyar ba za ta iya ci gaba da riƙe tashoshin duka ba. A ƙarshen kwas za a zaɓi waɗanda za a bari, a ba su sababbin na'urori masu aika bayani kowace sa'a, yadda idan ruwa mai nauyi yana tafe za a iya sanar da manoma ta waya kafin ya sauko. Sauran kuwa a kwance su. Duk wanda ya taɓa ganin shinkafarsa a ƙarƙashin ruwa, ko ya goya tsohuwarsa yana neman tudu, ya san abin da sanarwar kwana ɗaya take nufi. Oga Bitrus ya ara mini rigar sanyinsa, ya sa mini littafin tashar a jaka, ya ce kada in dawo sai da sunan Wurno a cikin waɗanda aka bari.

A ƙofar fita daga filin jirgi wani mutum mai kwat ya tare ni da sallama, ya ambaci sunan cibiyar daidai, ya ce shi aka aiko ya ɗauke ni. Na ji daɗi har na riƙe hannunsa da hannu biyu. Ban lura ba cewa sunan cibiyar yana nan da manyan baƙaƙe a jikin ambulan ɗin da na rungume a ƙirji, ko makaho zai iya karantawa. Ya karɓi jakata ya sa a bayan mota, muka kama hanya yana yi mini hira da Turanci, yana yabon 'yan ƙwallon Najeriya, ni kuma ina ta washe baki. Da muka iso wata babbar ƙofa ya ce in sauka in gaya wa maigadi ya buɗe mana. Na sauka. Ban kai ga maigadin ba na ji ƙarar mota, na waiwaya na ga bayanta tana shan kwana. Abu ɗaya zan faɗa na alheri game da mutumin nan: ƙofar da ya ajiye ni ita ce ta gaskiya.

Fasfo da waya suna aljihuna. Amma rigar sanyin Oga Bitrus, da kayan sawata, da kilishin da matata Hajara ta ƙunsa mini, da littafin tashar da na shekara da shekaru ina rubutu a cikinsa, duk sun tafi. Na zauna a bakin titi, mutum mai iyali, ina hawaye a garin da ban san kowa ba.

Maigadin tsoho ne, da gicciye a zare a wuyansa, ba ya jin Turanci balle Hausa. Ya tsaya a kaina yana magana da yarensu, sannan ya shiga ɗakinsa ya fito da wani farin mayafi mai kauri irin wanda suke lulluɓa da shi, ya yafa mini. Ya kawo shayi mai kayan ƙamshi da burodi. Da azahar ta yi ya ga ina dube-dube, ya yago kwali ya shimfiɗa mini a bayan ɗakinsa, ya nuna mini alƙibla da hannu. Mayafin nan shi na yi ta yawo da shi a cibiyar, har abokan kwas suka riƙa ce mini liman.

Makon farko ya yi mini tsawo. Abokan karatuna daga Kenya da Uganda da Malawi suke, yawancinsu da digiri, suna amsa tambaya tun malami bai rufe baki ba. Ni kuwa kafin in juya Turancin malami zuwa Hausa a kaina an wuce shafi biyu. Abincin garin wata faffaɗar waina ce mai tsami, safe da rana da yamma, kuma ba zan ɓata ta ba tunda ita ta riƙe ni, amma akwai ranar da na zauna a gabanta ina tunanin furar kasuwar Rabah har ta huce. In na kira gida, Hajara za ta tambayi lafiyata a gurguje, sannan ta ce maƙwabta suna tambaya ko an zaɓe mu. Ban gaya mata an sace jakar ba sai da aka kwana biyar.

A cikin wannan makon wata mata ta shigo aji tana tambayar wane ne mutumin Wurno. Sunanta Hirut, mai bincike ce a cibiyar, tana karatun digirinta na uku. Da na ɗaga hannu fuskarta ta cika da murna kamar ta ga ɗan'uwa. Ta ce shekara uku ke nan ba ta da aiki sai duban tasharmu, ta san Wurno a kwamfuta fiye da unguwarsu, amma ba ta taɓa ganin mutumin can ba. Washegari ta zo mini da rigar sanyin ƙanenta da takalma. Ta kai ni wani gidan abinci kusa da masallaci inda ake dafa shinkafa da naman rago, ta zauna tana kallona ina ci tana dariya. Ta tambaye ni yadda gulbin Rima yake, da kalar ƙasar fadama, da lokacin da ake dashen albasa. Tunda na sauka a garin ba wanda ya tambaye ni abin da na sani sai ita.

A ofishinta ta nuna mini wani layi a kwamfuta, ta ce tarihin ginshiƙinmu ne. Layin ya taho a miƙe na tsawon shekaru, sai ya yanke na 'yan makonni. Da ya dawo, ya dawo a gefe kaɗan, kamar yatsa biyu daga inda yake. Daga nan kuma bai sake miƙewa ba: damina ta yi ya hau, rani ya yi ya sauka, kowace shekara. Ta ce a duk tashoshin yankinmu babu mai yin haka. Abin da take zato shi ne nauyin ruwan da ke taruwa a dam da fadama yana danna ƙasa, kuma wataƙila akwai tsohuwar tsaga a can ƙarƙashi da ta farka. Ta ce ta rubuta wa ofishinmu tana tambaya ko wani abu ya sami tashar, aka amsa mata cewa komai lafiya lau. Saboda wannan layin, in ji ta, da wuya a kwance Wurno, don kowa yana son ya ga ƙarshen abin. Na yi hamdala a fili. Na nuna wurin da layin ya yanke na ce mata shekarar ambaliya ce, ta gyaɗa kai ta ce ya yi daidai da lissafinta.

Ban ƙara komai ba, kuma Allah ya sani a ranar ba ɓoyewa na yi ba. Ban ga abin faɗa ba ne.

Ga abin da ya faru a shekarar. Ruwa ya yi yawa, gulbi ya cika ya hau fadama. Da na ga yana matsowa wajen tasha na shiga cikinsa har ƙugu, na kwance faifan da na'urar, na ɗora a ka na kai tudu. Da ruwa ya janye muka tarar ginshiƙin ya karkata, ya tsage daga gindi, ya rabu da ƙarfen da masanan suka kafa shi a kai zuwa can cikin ƙasa. Na kira Kawu Nomau, ƙanen mahaifiyata, magini ne da duk wani rumbun kirki a unguwarmu hannunsa ne. Ya duba ya ce abu mai sauƙi. Muka ɗaura igiya muka miƙar da shi, Kawu ya saki dutse a zare ya daidaita tsayuwarsa, ya yi masa faffaɗan gindi na duwatsu da siminti a kan lakar fadama, irin gindin da yake yi wa rumbu. Ya fi na da kyau. Na mayar da faifan na ɗaure, fitila ta kama, muka yi addu'a muka watse. Na rubuta duk wannan a littafin tashar da Hausa, da alfahari. Amma ba mu aika wa masu shi labari ba. A wurinmu idan mutum ya ba ka ajiya ta sami matsala ka gyara, ba ka bin sa da labari kamar mai neman a gode maka, ko mai kai ƙarar kansa. Ka mayar masa da abinsa lafiya, shi ke nan. Da wasiƙar Hirut ta zo, Oga Bitrus ya leƙa ya ga ginshiƙi a tsaye, fitila tana ci, ya rubuta gaskiyar abin da ya gani. Wannan gyaran ma shi ya sa ofishinmu ya zaɓe ni zuwa kwas.

A mako na biyu aka ɗebe mu a bas zuwa wani babban kwari a kudu da birnin, inda ƙasa take rabuwa a hankali. Na ga tsaga a tsakiyar gona wadda bijimi zai faɗa ya ɓace, na ga tiriri yana fitowa daga cikin duwatsu. Shugaban cibiyar, wani dattijo da kowa ke kira Farfesa, ya kai mu ga wani ginshiƙi da aka huda dutse aka dasa. Ya ce amfanin wannan abu ɗaya ne, ya zama shi da ƙasa jiki guda, in ya motsa a san ƙasa ce ta motsa. Ya ce dokar farko ga mai kula da tasha ita ce kada ya taɓa, ta biyu kuma in ya taɓa ya faɗa a ranar. Gara tasha ta mutu a san ta mutu, in ji shi, da a gyara ta a ɓoye. Sannan ya kai mu gaba kaɗan ga wani tsohon ginshiƙi da ciyawa ta rufe. Ya ce wannan a kan laka aka gina shi, laka kuwa tana kumbura da damina ta tsuke da rani, don haka ginshiƙin yakan hau ya sauka da ita, ya yi ta ba da labarin motsin da ƙasa ba ta yi ba. Abokaina suna rubutawa. Ni kuwa na koma gefe na zauna a kan dutse. Wani ɗan Uganda ya miƙo mini ruwa, ya ce tsaunin ne bai karɓe ni ba.

Da muka dawo na kira Oga Bitrus na gaya masa komai. Ya tambaye ni ina littafin, na tuna masa cewa ya tafi da jaka.

Ya ce, "To Umaru, wa ya tambaye ka? Littafi ya ɓace, kai kaɗai ka san mi ag ga ciki. Ka kama bakinka hal a karanta sunaye. Ba don ni ba, don mutanen fadama."

Ban ga laifinsa ba, har yanzu ban gani ba. Shi ya tuƙa motar ofis yana kwasar mutane a shekarar ruwan, ya san abin da yake magana a kai. Kuma na bi maganarsa. Kwana tara ina shiga aji ina fita da abin a cikina. Ɓarawon nan da na yi ta tsine wa, sai ga ni ina jin kamar ya yi mini rana. Hirut tana kawo mini gahawa, tana koya mini yadda ake karanta layukan, tana cewa in ta gama karatu sai ta zo Wurno ta ga ginshiƙin da idonta. Ni dai sai murmushi. Na rame har maigadi ya riƙa taɓa cikinsa yana nuna ni, yana tambaya da hannu ko ciwo nake yi.

Saura kwana huɗu a rufe kwas ta kira ni ofishinta da rana. Ta ce Farfesa ya amince a rubuta wa hukumomi a Najeriya cewa ƙasa tana motsi a yankin dam, ya kamata a bincika. Tana son a haɗa da ɗan taƙaitaccen bayani da Hausa don mutanen wurin, kada su ji a bakin wasu. Ta ba ni takarda da biro, ta ja mini kujera.

Na rubuta kalma uku na tsaya. Da Turanci maganar ba ta da nauyi, magana ce ta masana. Da na gan ta da Hausa, da rubutun hannuna, sai na ji yadda za a karanta ta a kasuwar Goronyo. Mutanen da ke ƙasa da dam dama da kunne ɗaya suke barci da damina. Ka ce musu ƙasa tana motsi a wurin, kafin la'asar labari ya zama dam zai fashe. Wasu za su bar gonakinsu a lokacin shuka. Mutanen Shinaka da suka gudo wa 'yan bindiga suka raɓa a wurinmu, su kuma ina za su sake nufa? Duk wannan a kan gindin rumbun Kawu Nomau. Na ajiye biron na ce mata ƙasa ba ta motsa ba, mu muka motsa.

Ba ta gane ba da farko, ta ɗauka Turancina ne ya karye. Sai na juya takardar na zana mata: ginshiƙi, tsaga, igiya, duwatsu, laka. Ta yi ta tambaya a hankali, zurfin gindin, ko ƙarfen yana haɗe, wane wata aka yi. Ina amsawa tana duban layin a kwamfuta, kuma duk amsar da na bayar tana zaunawa daidai a wurinta. Da tambayoyi suka ƙare ta cire tabarau ta ajiye.

Ta ce, "Shekara uku, Umaru. Na rubuta na tambaye ku."

Na ce, "Mun gyara shi ne. Mun ɗauka mun kyauta."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta ce in ba ta wuri, na fita da rigar ƙanenta a jikina.

Washegari Farfesa ya kira ni. Na shiga da abin da na shirya faɗa, don dama ɗaya ta rage mini. Na ce masa a kwas ɗin nan aka koya mana cewa auna danshin sama bai damu da ɗan motsin ginshiƙi ba, faifanmu yana jin ruwan sama daidai ko a kan laka yake. Na ce mu ba girgizar ƙasa ke kashe mu ba, ruwa ne. Na ba shi labarin fadama da abin da na iya na Turanci. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce maganata gaskiya ce, ba kuskure a ciki. Amma waɗanda ke ɗaukar nauyin tashoshin saboda girgizar ƙasa suke yi, sanarwar ruwa raɓawa ta yi. Tashar da ba za ta faɗi motsin ƙasa ba, ba shi da hujjar da zai riƙe ta. Sake kafa ta a ƙasar laka kuwa sai an kawo injin haƙa mai zurfi, kuma ba su da halinsa. Na ce mu za mu haƙa da hannu, mu da muke haƙa rijiya. Ya yi ɗan murmushi ya ce ya san za mu iya, amma tarihin shekarun baya ya riga ya lalace, sabo za a fara, kuma akwai tashoshi masu tarihi mai kyau da ke jiran wurin.

Ranar rufe kwas, kafin a karanta sunaye, Farfesa ya sa na miƙe a gaban kowa. Ya ba da labarina, ya ce da na yi shiru da cibiyar ta aika da labarin ƙarya zuwa wata ƙasa, ya ce irin wannan riƙon amana ake nema. Aka yi mini tafi. A duk wahalar da na sha a tafiyar nan, har da ranar da na zauna a bakin titi, babu abin da ya kai tafin nan ciwo. Ina tsaye ana tafi, na san abin da ke cikin takardar da ke hannunsa. Ya karanta sunayen tashoshin da aka bari, na bi su ɗaya bayan ɗaya har ya naɗe takardar. Hirut ba ta zo taron ba. Na ninke rigar ƙanenta na bar wa maigadi tare da takalman. Na miƙa masa mayafinsa ya ƙi karɓa, ya sake yafa mini shi a kafaɗa, ya dafa kaina yana wata magana mai tsawo da na ɗauka addu'a ce.

A hanyar dawowa na yi ta juya abin. Ban yi nadamar faɗin gaskiya ba, amma ƙarya nake in na ce ta sanyaya mini rai. Na tafi in samo wa mutanena kunne a sama, na dawo na rasa musu wanda suke da shi, na kuma rushe wa wadda ta fi kowa kyautata mini aikin shekara uku. Da motar Sakkwato ta sauke ni a Wurno na je ofis. Oga Bitrus ya karɓi takardar shaidar kwas ya duba ya mayar mini. Bai yi mini faɗa ba, bai tambayi rigarsa ba. Ya ce bai gaya wa kowa ba tukuna, ya bar mini.

Washegari da safe ina zaune a zaure Kawu Nomau ya yi sallama. Ya tsufa ƙwarai, amma ranar da saurinsa ya shigo. Bayan gaisuwa da barka da hanya ya zaro wani littafin makaranta daga aljihun rigarsa ya ajiye a gabana. Na buɗe. Sunaye ne da lambobin waya, shafi bayan shafi, da rubutun hannu iri-iri, wani da biro wani da fensir.

Ya ce, "Ga su nan, dut mun tara tun kana can. Hal na mutanen Lahodu da na Sisawa. Wanda ba shi da waya mun sa ta maƙwabci nai. Sai ka ba na'urar."

Na gaya masa. Na fara daga kwarin Habasha na bi da shi a hankali har zuwa karanta sunaye. Yana sauraro yana kallon tabarma. Da na gama ya ɗago.

"Ginin ya hwaɗi?"

"Bai faɗi ba, Kawu."

"Ya karkata?"

"Yana nan tsaye yadda ka bar shi."

"To mi ya ɓata?"

Na ce ginin ba shi da aibu, gyaran ne bai kamata a yi ba, kuma laifin nawa ne da na kira shi. Ya duba tafin hannunsa, ya juya bayansa ya sake dubawa. Mutum ne da bai taɓa yin ginin da aka dawo masa da shi ba. Sannan ya jawo littafin yana buɗe shafukan da yatsa, ko da yake ba ya karatun boko.

Ya ce, "Ni na bi su gida-gida, Umaru. Mi za ni ce musu?"

Ya miƙe ya karkaɗe rigarsa, ya sa takalmi ya fita, ya bar littafin a kan tabarma. Da la'asar ranar hadarin farko na shekara ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Na fito ƙofar gida na tarar da maƙwabta a tsaye suna kallonsa, da suka gan ni suka juyo gaba ɗaya suna jiran in faɗa musu ko mai nauyi ne. Na ɗaga kai na duba, ban fi su sani ba.